Ga masu haɗa amfilifaya: a sa wa lasifika kariya, a kuma duba rilen da aka sa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan uwana masu haɗa amfilifaya da hannu, na nan Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno, har da na gida Najeriya da Nijar, tunda sana'armu ɗaya ce, kayan aikinmu ma kusan ɗaya ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 sabbin kayan sauti suka yi wuyar samu a nan, sai masallatai da makarantun allo da masu hidimar biki suka koma wa na haɗi. Yaranmu kuwa sun iya aikin, madalla da su. Za ka ga amfilifaya da transisto 2SC5200 da 2SA1943 jere a kan alminiyan, taransifoma mai nauyi, murya tana fita garau. Amma in ka bi wayar da ta nufi lasifika, babu komai a tsakani sai fiyus, wani lokacin fiyus ɗin ma babu. Lasifikar nan sau da yawa ta fi amfilifayar tsada, kuma kuɗin jama'a aka tara aka saye ta.

Irin wannan amfilifaya tana aiki da wuta gida biyu, ta sama (+) da ta ƙasa (−). Taransifoma mai 25-0-25 tana ba da kusan bolt 35 kowane gefe, mai 40-0-40 kuma kusan 56. Muddin tana lafiya, mafitar sauti tana zaune a sifiri tsakanin gidajen biyu. Ranar da transisto ɗaya na mafita ya ƙone, yawanci haɗewa yake yi ya zama waya, sai wutar gefensa gaba ɗaya ta zuba cikin lasifika, wutar DC tsayayya, ba mai kai-komo ba. Lasifikar da aka rubuta wa om 8, in ka ɗora mita a kanta om 6 za ka gani ko ƙasa da haka kaɗan. Bolt 35 a kan om 6 amfiya 5.8 ke nan, wat 200 da ɗoriya. Bolt 56 kuwa ya haura wat 500. Duk zafin nan a cikin siririyar wayar koyil, wato naɗin wayar da ke motsa takardar lasifika, yake taruwa. Ga shi wutar ta tura koyil ɗin gefe guda ta danne shi, ba ya motsi balle iska ta ratsa shi, wani sashensa ma ya fita daga ramin maganaɗisu inda ƙarfe yake ɗauke masa zafi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi gam ya narke, wayar ta yi baƙi ta warware. Kafin ladan ya ji ƙauri ya kai hannu ga makunni an riga an gama.

Masu cewa ai akwai fiyus su dubi yadda fiyus yake aiki. Ƙaramin fiyus na gilashi da aka rubuta wa amfiya 4 an yi shi ne ya jure amfiya 6 har tsawon awa guda bai yanke ba. Amfiya 5.8 ɗin da ke dafa koyil bai isa ya motsa shi ba. In ka rage shi zuwa amfiya 2 kuma, ganga ɗaya mai ƙarfi za ta yanke shi a tsakiyar taro, daga nan sai wani ya naɗa masa waya, shi ke nan. Fiyus a kan gidajen wuta biyu wajibi ne, zan dawo kansa, amma aikinsa hana gobara da ceton taransifoma. A wasu amfilifayoyin ma in fiyus na gefe ɗaya ya yanke, mafita sai ta karkata zuwa ɗaya gefen.

Abin da ake bukata ɗan allon lantarki ne mai rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, da zai riƙe lasifika a cire na daƙiƙa uku ko huɗu bayan an kunna, har amfilifaya ta daidaita, ya sake ta nan take in ya ji DC a mafita, ya kuma sake ta da zarar wutar layi ta ɗauke. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali a ƙasar nan shi ya fi yawan aiki. Wuta tana ɗaukewa ba sallama, janareta ya tuƙe in mai ya ƙare, a juya layi daga inbata zuwa janareta ana tsakiyar karatu. Kowane karo manyan kondensoshi suna saukewa ba daidai da juna ba, sai ka ji "dum" a lasifika, takardarta ta yi tsalle.

Ga yadda ake haɗa shi da kayan da ake samu ko a cikin tsohuwar rediyo. A fara da wutar allon. A samu waya ta daban a taransifoma mai bolt 18, ko ƙaramar taransifoma tata, a bi da ita ta dayod huɗu 1N4007 da kondensa 1000µF mai jure bolt 35, sannan 7812, mai daidaita wuta a bolt 12, da ɗan guntun alminiyan a bayansa. Na zaɓi rile mai bolt 12 a bayan 7812 da gangan. Mutane da yawa suna ɗaura rile mai bolt 24 kai tsaye a kan wutar da ba a daidaita ba. In layi ya sauka daga 230 zuwa 170, abin da ke isa koyil ɗin rilen bai kai bolt 18 ba, daidai bakin inda yake iya kamawa ke nan, koyil mai zafi kuma ya fi bukatar wuta. Sai rile ya riƙa kaɗawa, yana kamawa yana saki, bakinsa, inda ƙarafansa ke haɗuwa su ba wuta hanya, yana ci. Mai bolt 12 a bayan 7812 ba ruwansa da wannan saukar.

Sai mai jin DC. Daga mafitar amfilifaya a ɗauko waya ta bi ta resista 22k mai rabin wat zuwa wani maƙulli, wato mahaɗar wayoyi, daga maƙullin kuma kondensa zuwa layin ƙasa, wato layin sifiri na tsakanin gidajen biyu. Kondensar ba ta da gefe, domin wutar na iya zuwa ta sama ko ta ƙasa. In ba a samu irinta ba, a haɗa 220µF guda biyu, ƙafar ragi da ƙafar ragi, su ba da 110µF. Aikin wannan haɗi shi ne ya shanye sauti ya bar DC ta wuce. A sauti mafi kauri, mai kaɗawa 20 a daƙiƙa, ko amfilifaya tana ba da bolt 56, abin da zai bayyana a maƙullin bai kai bolt 0.2 ba. Amma in bolt 35 tsayayye ya zo, cikin milisakan 40 da 'yan kai maƙullin ya kai bolt 0.6, inda transisto yake buɗewa. Wasu suna rage kondensar zuwa 50µF don a ƙara sauri. A ƙaramar amfilifaya babu laifi. A mai bolt 56 kuwa sautin da ke tsallakewa ya kai bolt 0.4, ga shi kuma bakin buɗewar transisto yana sauka da kusan milibolt 2 a kowane digiri na zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Gadarif yake haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe ya fi haka nesa, sai ka ga rile yana yanke sauti duk lokacin da aka buga ganga, mai kaya ya zaci allon ne ya lalace ya cire shi.

A maƙullin nan ake sa transisto BC546 guda biyu, T1 da T2, kowane da ƙafafu uku: B da C da E. T1 ƙafarsa ta B tana kan maƙulli, E a ƙasa, shi ke jin wutar sama. T2 an juya shi, E a kan maƙulli, B a ƙasa, shi ke jin wutar ƙasa. A nan zane-zane da yawa da ke yawo a intanet suke da rauni. T2 a wannan zama ba ya ƙara ƙarfi, abin da ya shigo ta 22k shi kaɗai yake iya ja. In aka ce shi zai sauke kondensar jinkiri, da zan zo kanta, da kansa, gefen sama zai kama a ƙasa da bolt 1, gefen ƙasa kuwa sai wuta ta kai bolt da yawa, kuma a makare. Maganinsa a haɗa ƙafafun C na su biyun, a bi da su ta 10k zuwa B na BC556, wato T3, wanda E ɗinsa ke kan bolt 12, da 47k tsakanin B da E nasa. Daga C na T3 a bi ta 4.7k zuwa B na wani BC546, T4, da 10k daga B ɗin zuwa ƙasa. Da haka gefen ƙasa ma yana kamawa a wajen bolt 0.9.

Kowace tasha, hagu da dama, a yi mata nata 22k da kondensa da T1 da T2, sai dai ƙafafun C duka su haɗu a 10k ɗin nan guda. In aka tara tashoshi biyu a kondensa ɗaya don tsimi, kowace tana raba wutar 'yar uwarta biyu, in kuma ɗaya ta karkata sama ɗaya ƙasa sai su kashe juna, allon bai ji komai ba. Wayar ji kuma daga gefen amfilifaya ake ɗaukarta, kafin rile. In aka ɗauka daga gefen lasifika, rile yana buɗewa DC ta ɓace wa allon, bayan daƙiƙa huɗu ya mayar da lasifika cikin wuta, haka zai yi ta yi har ta ƙone.

Jinkirin ba shi da wuya. Resista 100k daga bolt 12 zuwa kondensa 47µF, daga kanta dayod zena mai bolt 5.6 zuwa B na BC546 da aka goya wa transisto BD139, da 100k daga B ɗin zuwa ƙasa, koyil ɗin rile kuma tsakanin bolt 12 da ƙafafun C nasu. Kondensar tana ɗaukar daƙiƙa 3 zuwa 4 kafin ta kai bolt 6.8 rile ya kama. C na T4 yana haɗe da kan kondensar ta resista om 100, yana buɗewa ya zubar da ita, rile ya saki, jinkiri ya koma farko.

Na ɗaukewar wuta kuma, dayod 1N4007 guda daga ɗaya wayar bolt 18, kafin dayod huɗun nan, zuwa kondensa 1µF kacal, daga ita 10k zuwa B na wani transisto, T5. C na T5 yana da 22k zuwa bolt 12, da dayod 1N4148 zuwa B na T4. Wutarmu mai kaɗawa 50 tana cika ƙaramar kondensar duk milisakan 20, T5 yana nan a buɗe, T4 a rufe. Wuta na ɗaukewa, cikin ƙasa da milisakan 100 ta zube, T4 ya buɗe, lasifika ta fita tun manyan kondensoshi ba su fara sauka ba. Kada a ga 1µF ta yi ƙanƙanta a sa 100µF, ƙanƙantar ita ce aikin.

Yanzu rilen kansa, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Shuɗin nan da ke kan yawancin allunan kasuwa za ka ga amfiya 10 a bolt 250 na AC, wato wuta mai kai-komo, sannan amfiya 10 a bolt 30 ko 28 na DC. Manya masu amfiya 16 ma a bolt 30 suke tsayawa. Mutane suna ganin 250 su kwantar da hankali, alhali lambar da ta shafe mu ita ce 30. Wutar AC tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, tartsatsin da ya tashi lokacin da baki ya rabu yana mutuwa da kansa. DC ba ta ratsa sifiri. Tazarar bakin ƙaramin rile ba ta kai milimita ɗaya ba, in wuta ta haura bolt 30 da amfiya masu yawa sai tartsatsin ya tsaya a tsakani kamar wutar walda, yana ci, wuta tana bi ta cikinsa zuwa lasifika. Allon ya ji DC, ya ba da umarni, rile ya buɗe, lasifika kuma ta ƙone duk da haka. In ka fasa irin wannan rile za ka tarar da bakin ya narke ya zama ƙwallo, robar gefensa ta yi baƙi, wani lokacin bakin biyu sun manne. Rilen mota mai amfiya 30 ko 40 da wasu ke sawa saboda girmansa bai tsira ba, domin wutar mota aka yi shi, wadda ba ta wuce bolt 14.

Gyara na farko ba ya cin ko sisi, sauya zaman waya ne. Rile yana da ƙafa uku a gefen baki: ta tsakiya mai motsi, wadda take haɗuwa da ita in ya kama, da wadda take komawa in ya saki. Lasifika a kan ta tsakiya ake sa ta, amfilifaya a kan wadda ake kamawa, ta ukun kuma, da aka saba bari a banza, a ɗaure ta da layin ƙasa da waya mai kauri, kai tsaye zuwa mahaɗar manyan kondensoshi. In rile ya saki, lasifika ta koma ƙasa ta kowane gefe. Ko tartsatsi ya tsaya, ƙasa zai zuba wutarsa, amfiya ta yi tsalle, fiyus na gidan wuta ya yanke. A nan fiyus yake da rana, shi ya sa wannan haɗi ba ya yiwuwa sai da fiyus na gaskiya a gefen sama da na ƙasa. Rilen zai mutu, amma kuɗinsa nawa ne a kan lasifika mai inci 15? Duk rilen da ya taɓa yanke irin wannan wuta a canza shi ko da yana motsi.

Gyara na biyu saurin saki. Dayod ɗin da ake gicciyawa a kan koyil don kare transisto yana riƙe wutar koyil tana zagayawa, sai rile ya yi nawar saki, bakin kuma ya rabu a hankali, abin da tartsatsi yake so ke nan. A jera masa zena mai bolt 15: ƙafar 1N4007 marar zobe a C na BD139, zobensa yana fuskantar zoben zena, ɗaya ƙafar zena a bolt 12. Wutar da za ta taso ba ta wuce bolt 28 ba, BD139 yana jure 80. A kuma nemi rile rufaffe. Ƙurar guguwar habub tana shiga ko'ina, alamarta kuwa tasha ɗaya ta riƙa ƙarƙara ko ta ɗauke in an rage murya, ta dawo in an ƙara.

Daga bolt 50 zuwa sama, ra'ayina a bar rile mai baki. A yi amfani da transisto MOSFET biyu irin IRFB4227, a haɗa ƙafafunsu na S wuri ɗaya, na G wuri ɗaya, D ɗaya ga amfilifaya ɗaya ga lasifika, a tuƙa su da VOM1271 ko TLP190B, waɗanda ke samar da wutar G daga haske. Babu baki balle tartsatsi. Sharaɗi shi ne MOSFET ya jure jimillar gidajen biyu da rara, wato mai 56 da 56 yana son mai bolt 150 ko 200, a kuma sa dayod daga gefen lasifika zuwa kowane gidan wuta don shanye bugun da koyil yake mayarwa. Samunsu a nan sai an yi saƙo. Kafin su iso, baki biyu a jere da haɗin ƙasan da na faɗa ya fi baki ɗaya.

Allunan kariya da ake sayarwa a haɗe, masu IC µPC1237, ba laifi gare su in an bincika. Ƙafa ta 2 ce mai jin DC, ta 4 mai jin ɗaukewar wuta, ta 6 mai jan rile, ta 7 jinkiri, ta 3 kuma ita ke zaɓar ko ya kulle har sai an kashe an kunna ko ya dawo da kansa. A bi layin ƙafa ta 4 a ga ko da gaske daga AC take sha. A duba ƙafar rile ta uku, galibi a sake take, a ƙara mata wayar ƙasa. Masu amfilifaya mai IC TDA7294 kuma kada su dogara da ƙafa ta 9 da ta 10. Suna hana "dum" na kunnawa, amma in cikin IC ɗin ya haɗe babu abin da za su iya.

Akwai inda wannan zane bai dace ba. Amfilifayar da aka yi wa gada, wadda wayoyin lasifika biyu duka masu wuta ne, tana son mai ji a kowace waya da baki a kowace waya. Ƙananan allunan amfilifaya masu TPA3116 da ake ɗorawa a batirin sola kuwa kowace mafita tana zaune a rabin wutar batir, mai jin da aka auna da ƙasa zai ɗauka lalacewa ce ya ƙi kamawa har abada. Su suna da nasu mai jin DC a ciki, a bar su haka.

Rile kuma ba ya hana ƙonewar da ke zuwa daga murɗa murya har ta fashe. Wannan tiwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, take kashewa, kuma ƙwan mota mai bolt 12 wat 21 a jere da ita yana rage ɓarnar, domin yana ƙara turjiya in ya yi zafi. Lasifikar ƙaho ta hasumiya, mai om 16, a jera mata kondensa 33µF marar gefe mai jure bolt 100. Tana tare sautin da ya gaza kaɗawa 300, wanda ƙaho ba ya iya fitarwa sai dai ya yaga fatarsa, tana kuma tare DC gaba ɗaya. Don zafi, a ɗaure makunnin zafi KSD301 mai digiri 75 ko 80, irin wanda ke buɗewa in ya yi zafi, a jikin alminiyan, a jera shi da koyil ɗin rile.

Kada a miƙa wa mai kaya sai an gwada. A cire wayar ji daga amfilifaya, a kunna, a ƙirga daƙiƙoƙi har rile ya kama. A taɓa batir mai bolt 1.5 tsakanin wayar ji da ƙasa, cikin daƙiƙa biyu ya saki. A juya batirin a sake, nan ne allo mai raunin gefen ƙasa yake tonuwa. Da batir mai bolt 9 kuma sakin ya zama kusan nan take. A yi wa kowace tasha daban. Sannan a mayar da wayar, a auna mafitar amfilifaya ba lasifika: ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ta haura 100 a nemi dalili tun kafin a ci gaba. A ɗaura resistar gwaji mai om 8, a ba ta sauti mafi kauri har ƙarshen ƙarfinta, akwati a rufe bayan ya yi zafi, rile kada ya motsa. A zare fulogi daga bango ana cikin sauti, ƙarar sakin rile ta zo tare da zarewar. Kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wutar layi, kuma kafin a sa hannu a ciki a sauke manyan kondensoshi da resista 1k mai wat 5, domin 10,000µF a bolt 56 tana narkar da bakin sukudireba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Mai gyaran kayan sauti,
Gadarif, Sudan